Bututun Mai Ya Ruɓe, Kamfani Ya Daina Ƙera Shi: Labarin Gyaran Wata Tsohuwar Mota

Motar da mai ita

Motar ƙirar ƙarshen shekarun 1990 ce, mai shan fetur, silinda huɗu, kuma injekta ce, wato mai fesa wa inji mai da matsi, ba kafireta ba. Mai ita magidanci ne da ya haura hamsin. Hannu na biyu ya saye ta, ya daɗe yana morarta, kuma bai da niyyar rabuwa da ita, tunda inji lafiya lau, giya ma ba ta taɓa ba shi ciwon kai ba. Ba ya wasa da juyen baƙin mai. Sai dai kamar yawancin masu mota, kulawarsa ta tsaya ne kan abin da ido ke gani in an ɗaga bonet. Ƙarƙashin motar kuwa ba a leƙa shi sai in taya ta yi faci.

A irin wannan motar tanki yana baya, famfon mai na lantarki yana nutse a cikinsa. Daga tankin zuwa gaba bututu uku ne ke bin ƙasan motar. Na farko yana kai mai inji, na biyu yana dawo da rarar da inji bai sha ba, na ukun siriri ne, tururin fetur yake ɗauka zuwa gwangwanin gawayi da ke tsotse shi. Dukansu na ƙarfe ne mai shafen tutiya. Mai kai man kaurinsa milimita 8 ne, tsawonsa ya kai mita uku, an lanƙwasa shi wurare da yawa tun daga kamfani don ya bi siffar jikin motar. Wasu kilif na roba ne ke riƙe da su a jere, kuma a cikin kilif ɗin nan bututun burki ma suke kwance. Wajen inji akwai guntun tiyo na roba, saboda inji yana girgiza, ƙarfe ba zai jure ba. Wajen tanki akwai mahaɗin roba mai tauri wanda ake turawa ya ƙulle da kansa. Wajen filtar mai kuma noti ne ke danne bakin bututun da aka buɗa.

Motar kafireta tana aiki ne da matsin mai kaɗan, wanda bai cika wuce rabin bar ba (bar da psi ma'aunan matsi ne). Injekta irin ta wannan zamanin tana buƙatar kimanin bar 3, wato psi 43 da ɗan ɗori. Tsagar da za ta riƙa ɗiga a motar kafireta, a nan feshi take yi.

Makon farko: wari da wahalar tashi

Wari ne ya fara bayyana. Mai motar yana jinsa in ya tsaya bayan doguwar tafiya, musamman ta wajen ƙofar baya. Ya ɗauka murfin tanki ne bai rufe da kyau ba. Sai kuma motar ta koma ba ta tashi da ki ɗaya da safe, sai an ja sitata ta daɗe tana juyawa. Bai haɗa abubuwan biyu wuri guda ba, har ya fara tunanin sauya batir.

Amma tushensu ɗaya. Famfon mai yana da ɗan bawul da ke hana mai komawa tanki in an kashe inji, don bututu ya kwana cike da matsinsa. In akwai huji, matsin nan yana zubewa cikin dare, da safe sai famfo ya sake cika layin kafin inji ya samu abin sha.

Ranar da aka tabbatar, an ajiye motar ne a kan daɓen siminti, aka ga jiƙa a ƙasa gab da tayar baya. Da aka ɗaga ta aka murɗa ki ba tare da an tayar da inji ba, famfo ya yi ɗan kukansa na daƙiƙa biyu, sai ga siririn feshi yana fitowa daga cikin wani kilif. Aka ɓalle kilif ɗin. A ƙarƙashinsa bututun ya kumbura da tsatsa, ya yi ɓawo-ɓawo, in aka taɓa da farce yana marmashewa. Taƙi ɗaya gaba ko baya kuwa ƙarfen fes yake. Kilif yana tara laka da danshi, yana kuma goge shafen tutiya a hankali saboda girgiza, shi ya sa ruɓa ta fi farawa daga inda ido ba ya kaiwa.

Hujin bai fi taƙi biyu daga salansa ba. Tururin fetur yana iya kamawa da wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, ya fi iska nauyi, don haka ƙasa yake bi ya taru. Aka gaya wa mai motar kada ya sake tuƙa ta haka, ya kuma yarda.

Mako na biyu zuwa na shida: facin tiyo

Bakaniken farko matashi ne mai saurin hannu. Ya duba ya ce, "Baba, wannan ai ba abin tayar da hankali ba ne. Mu yanke wurin mu sa tiyo, an wuce wurin." Ya yanke ruɓaɓɓen sashen da zarto, kimanin santimita 20, ya kawo tiyon mai, ya zura a bakunan biyu, ya ɗaure kowane gefe da kilif na ƙarfe irin mai sukurun nan da ake ɗaure tiyon lagireto da shi. Aikin bai kai awa ɗaya ba, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Aka tayar da mota, babu ɗigo.

Ta yi makonni ana hawa. Sai warin ya dawo. Da aka sake ɗaga ta, tiyon ya yi laushi, ya ɗan kumbura a tsakiya, gefe ɗaya ya zame baya har ana ganin sawun inda yake a da, kuma ramukan kilif ɗin sun ci cikin robar sun bar zane. Mai yana tsattsafowa daga nan. Matashin ya ƙara matse kilif, ya ƙara na biyu a bayansa. Kwana kaɗan robar ta tsage a daidai inda aka matse.

Daga baya aka karanta rubutun da ke jikin tiyon. An buga SAE 30R7, kuma faɗin cikinsa inci 3/8. Tiyon mai ne na gaske, ba jabu ba. Amma ƙa'idar SAE J30, wadda ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka ta tsara, ta raba tiyon mai aji-aji. Ajin R7 na ƙaramin matsi ne, iyakarsa psi 50, an yi shi don kafireta da layin dawo da mai. Ajin R9 shi ne na injekta, yana ɗaukar psi 100 ko fiye, kuma cikinsa an shimfiɗa wata roba ta daban mai jure fetur da itanol, wani sinadari dangin barasa da ake gauraya wa fetur. Akwai kuma R10, wanda shi kaɗai ake nutsawa a cikin tanki, domin bayansa ma yana jure mai. Motar tana aiki a psi 43, wato kullum tiyon yana bakin iyakarsa, ga zafin salansa a gefe.

Ga kuma batun faɗi. Inci 3/8 ya kai milimita 9.5, bututun kuwa milimita 8 ne. Tiyon ya yi masa yawa tun farko, kilif ne kawai ya tattare robar ya matse ta dole. Bakin bututun da aka yanke da zarto kuma santsi ne da shi, babu ɗan ƙullutun nan da kamfani ke yi a baki don tiyo ya samu abin kamawa. Matsi yana turawa, tiyo yana zamewa.

Wata na biyu: neman na kamfani

Mai motar ya yanke shawarar sayen sabon bututu gangariya, a huta. Ya je wurin dillalin kamfanin da lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17, wadda yawancin motoci ke ɗauke da ita a wannan tsari tun 1981. Aka shigar da ita kwamfuta, lambar kayan ta fito. Aka bi ta, ta nuna an maye gurbinta da wata. Aka bi wannan, ta nuna an daina ƙerawa, kuma babu saura a rumbun kamfani.

Haka abin yake ga irin wannan kaya. Filta, birki, bel da filogi ana sayensu kullum, don haka kamfanoni da yawa suna ci gaba da yin su ko motar ta shekara talatin. Dogon bututun da aka lanƙwasa don mota guda kuwa ba a cika nemansa ba sai ta tsufa, yana cin wuri a rumbu, yana kuma lanƙwashewa wajen dako. In injin da ke lanƙwasa shi ya tashi daga aiki, ba wanda zai sake kafa shi don 'yan tsirarun masu nema.

Ɗansa ya taya shi bincike a intanet. Akwai kamfanonin da ke yin bututu lanƙwasasshe na tsofaffin motoci, amma sun fi mayar da hankali kan samfurin da ya yi yawa a kasuwa ko wanda masu sha'awar tara tsofaffin motoci ke nema. Sun ga wanda aka rubuta sunan motarsu da shekararta, har sun kusa biya, sai suka lura na mai dogon baya ce, tasu kuwa mai but ce, kuma girman injin ya bambanta. Suna ɗaya, shekara ɗaya, amma hanyar da bututu ke bi tana iya sauyawa saboda girman inji, siffar jiki, ko gefen da sitiyari yake.

A ƙarshe suka samu guda ɗaya na asali, sabo a ledarsa, wurin wani mai sayar da tsohon kaya a wata ƙasa. Kuɗin bututun kansa da sauƙi. Kuɗin aiko shi ne ya fi na kayan, domin abu mai tsawon mita uku da ba a naɗewa ba ya shiga kwalin da aka saba, ana lissafa shi a kaya mai girma na musamman. Ga kuɗin fito, ga jiran makonni, ga mai sayarwar ya ce ba ya karɓar kaya in ya lanƙwashe a hanya. Kuma wannan bututu ɗaya ne cikin uku. Mai motar ya haƙura.

Ƙarshen wata na biyu: na gwanjo

Sai aka koma wurin masu farfasa motoci. An samu irin motar, aka ciro mata bututun mai kai mai tare da mahaɗinsa na wajen tanki. A ido ya fi nasu kyau nesa ba kusa ba. An wanke shi, an shafa masa mai yana sheƙi. Kuɗinsa bai kai rabin na wancan sabon ba, aka biya.

Sa shi ne ya ci kuɗi. Sai da aka zuƙe man tanki, aka sassauta salansa, aka sauke tankin ƙasa kafin hannu ya kai ga mahaɗin. Wuni guda aka yi. Wajen ciro shi daga waccan motar an ɗan miƙe wata lanƙwasa, da aka zo mayar da ita sai wurin ya ɗan matse. Aka haɗa komai, aka mayar da tanki, aka murɗa ki. Mahaɗin wajen tanki ya jiƙe nan take. A cikin irin wannan mahaɗi akwai zobban roba guda biyu da ke rungumar bakin bututu, na wannan sun bushe sun baje saboda shekaru, ɗan haƙorin da ke ƙulle shi ma ya tsage. Aka sake sauke tanki, aka mayar da tsohon mahaɗin motar. Ya riƙe.

Bai yi wata ba wani huji ya ɓullo, a ƙarƙashin kilif, kusan daidai inda na farkon ya ruɓe. Da aka kankare wurin aka ga tsatsar tana nan tun farko, man da aka shafa ne ya rufe ta. Mai sayarwar bai mayar da kuɗi ba, ya ce kayan gwanjo yadda ka gan shi haka ka saye shi.

Wata na uku: komawa ga awo

Bakanike na biyu dattijo ne da ya daɗe yana aikin burki da bututu. Ya saurari labarin har ƙarshe bai katse ba, sannan ya ce, "Malam, bar batun lambar nan haka. Bututu ne, bututu kuma aunawa ake yi."

Ya fara da gejin auna matsi. Ya ɗaura shi a layin, ya tabbatar matsin yana kusa da bar 3 kuma famfo lafiyarsa ƙalau. Ya auna kaurin kowane bututu da ma'auni a wurin da babu tsatsa: mai kai mai milimita 8, mai dawo da shi ƙasa da haka kaɗan. Ya kwance notin wajen filta ya duba irin buɗin da aka yi wa bakin, domin akwai iri fiye da ɗaya kuma ba sa shiga wa juna. Akwai mai ninki biyu da aka kifa ciki a kan digiri 45, akwai mai kumburi irin na motocin Turai, akwai kuma mai digiri 37 na kayan haidirolik. Ya auna zaren notin, ya tabbatar na milimita ne ba na inci ba. Duk ya rubuta a takarda. Sannan ya ɓalle sauran kilif ɗin gaba ɗaya, abin da ba wanda ya yi a baya. Mai dawo da mai ya ruɓe a wuri biyu, saura ƙiris ya huje. Na tururi da sauƙi. Bututun burki ɗaya ma ya fara ɓawo.

Ya zayyana wa mai motar zaɓin da ke akwai, dukansu ana sayar da su a naɗe ana yanka da mita. Ƙarfe mai shafi shi ne mafi araha, irin na kamfani ne, amma yana da taurin lanƙwasawa kuma wata rana zai sake tsatsa. Ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi kowanne daɗewa, sai dai tsada, ga tauri, buɗa bakinsa yana son na'ura mai ƙarfi. Nailan, wato bututun roba mai tauri, shi ne motocin baya-bayan nan suka fi amfani da shi, ba ya tsatsa, ba nauyi, amma ba ya son zafi, hanyar bututun wannan motar kuwa ta bi kusa da salansa. Na huɗu shi ne gaurayen jan ƙarfe da nikel, kashi 90 da kashi 10, wanda Volvo ta fara sa wa burkin motocinta tun 1976. Ya fi ƙarfe mai shafi tsada, amma ba ya ruɓewa, yana lanƙwasuwa cikin sauƙi, bakinsa yana buɗuwa da kyau. Ya gargaɗe shi kada wani ya sayar masa da jan ƙarfe zalla irin na firji da na'urar sanyaya ɗaki da sunan wannan. Jan ƙarfe zalla yana taurara in yana girgiza har ya tsage. Launin ma ya bambanta, gaurayen ya fi haske, bai kai zallan ja ba. Da motar mai shan gas ce, wato dizal, da maganar ta sauya, domin masu ƙera injin dizal suna hana jan ƙarfe da tutiya a layin mai.

Aka zaɓi na huɗun. Abin lura shi ne ba wurin masu kayan wannan motar aka same shi ba. Masu sayar da kayan burki ne ke da shi, domin su ba sa tambayar sunan mota, kauri da tsawo suke tambaya. Noti ma a can aka samu. Mahaɗin wajen tanki kuwa yana da tasa ƙa'idar, SAE J2044, kuma motoci iri-iri suna tarayya a girmansa, don haka da aka faɗi kaurin bakin famfo aka samu sabo, mai zobba na robar da ke jure fetur.

Tiyo ne ya fi ba da wahala. An kawo ɗaya babu rubutu ko kaɗan, mai shi yana rantsuwa na injekta ne, dattijon ya mayar. Aka kawo wani an buga R9 amma babu sunan wanda ya ƙera, rubutun yana gogewa da yatsa. Ya yanki bakinsa ya duba, roba iri ɗaya ce tun daga waje har ciki, babu siririn shimfiɗin nan na ciki. Shi ma ya mayar. Na ukun yana da sunan kamfani, da ajin, da faɗin ciki inci 5/16 wanda shi ne daidai da milimita 8, da iyakar matsi, duk a buge a jere, shimfiɗin ciki kuma yana bayyane. Kuɗin mitarsa ya ninka na R7 ɗin farko sau da yawa. Ƙasa da mita ɗaya ake buƙata.

Wannan tsantseni yana da ƙarin dalili. Ƙasashe da dama yanzu suna gauraya fetur da itanol har kashi 10, abin da ake kira E10. Itanol yana cin tsohuwar roba, yana kuma jawo danshi cikin tanki. Robar da aka ƙera kafin yaɗuwarsa, ko mai arahar da ba a yi ta dominsa ba, ba ta daɗewa.

Ranar aiki

An yi aikin a fili mai iska, tukunyar kashe gobara a kusa, babu mai walda a gefe, fitilar da aka shiga da ita ƙarƙashi kuma mai batir ce. Ya zare fis ɗin famfo, ya tayar da inji ya bar shi har ya mutu da kansa don matsin layin ya sauka, sannan ya cire kan batir na baƙar waya. Aka sauke tanki karo na uku.

Ya ciro tsohon bututun a hankali bai miƙe shi ba, ya shimfiɗa shi a ƙasa ya zama abin kwaikwayo. Ya warware sabon daga naɗinsa, ya miƙar da shi, ya ɗaure su gefe da gefe da tef, yana lanƙwasa sabon yana bin tsohon, kowace kwana da abin lanƙwasa bututu don kada cikin ya matse. Bai taɓa zarto ba. Abin yankan bututu mai juyawa ya yi amfani da shi, ya share bakin ciki da waje, ya hura iska ta ciki don kada ɓarɓashi ya kai ga injekta. Kafin ya buɗa bakin wajen filta sai da ya zura notin tukuna, ya duba fuskarsa sau biyu. Ya gwada buɗin a kan wani guntu, bai gamsu ba saboda ya karkace, ya sake saita na'urar, sannan ya yi na ainihi. A bakunan da tiyo zai hau ya yi ɗan ƙullutu, ya ɗaure da kilif na injekta, wanda cikinsa santsi ne kuma gefensa a naɗe, yana matse roba daidai ko'ina ba ya yanka ta.

Ya yi wa mai dawo da mai haka nan, tunda tanki yana ƙasa. Aka sa sabuwar filta da sababbin washa. Kilif ɗin ƙasan mota da suka karye wajen ɓallewa aka maye su da masu shimfiɗar roba, ya kuma tabbatar babu inda bututun ke gogar jikin mota, ya mayar da farantin da ke kare shi daga zafin salansa, wanda ashe tun aikin gwanjo aka manta ba a ɗaura ba.

Gwaji da abin da ya biyo baya

Ya murɗa ki sau da yawa ba tare da tayar da inji ba, ya bi kowane mahaɗi da farar takarda. Babu jiƙa. Aka tayar, geji ya tsaya a kan bar 3. Aka kashe aka bar gejin a ɗaure, allurar ba ta faɗi ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Washegari motar ta tashi da ki ɗaya. Bayan mako biyu aka sake ɗaga ta aka duba, aka ɗan ƙara matse kilif ɗin tiyo saboda sabuwar roba tana zama. Damina ta zo ta wuce, ba wari, ba ɗigo.

Inda kuɗin ya tafi, da dalili

Da aka tattara abin da aka kashe, kayan da suka magance matsalar, wato naɗin bututu, guntun tiyo, mahaɗi, noti, kilif da filta, ba su ne suka fi nauyi ba. Kuɗin aiki ne ya rinjaya, musamman sauke tanki da aka yi ta maimaitawa. Abin da ya tafi a facin tiyo da bututun gwanjo da aikinsu ya kusa kai kuɗin gyaran ƙarshe gaba ɗayansa, ban da man da ya zube da kuɗin motar haya na lokacin da take ajiye.

Ban ga laifin matashin nan a kan tunanin faci ba. Yanke ruɓaɓɓen wuri a haɗa gyara ne karɓaɓɓe in sauran bututun lafiyayye ne, in tiyon R9 ne mai faɗin da ya dace, in an yi wa baki ƙullutu, in kuma gajere ne nesa da zafi. Abin da ya yi shi ne aikin motar kafireta a jikin motar injekta, kuma bai ɓalle ko kilif ɗaya na gaba ba. Wannan ne ya fi damuna, domin makonnin da motar ta yi tana yawo da iyali a ciki, mai yana tsattsafowa gab da salansa, kuma farantin kariya ma daga baya ya ɓace. Allah ne Ya kiyaye.

Neman na kamfani ba kuskure ba ne. In ana samunsa a kusa, shi ya fi sauƙin sawa, kuma bakanike ba sai ya ƙware a buɗa baki ba. Ɓata lokacin ya zo ne daga ɗaukar cewa in babu lambar, babu mafita. Gwanjo kuwa yana da wurinsa: ƙofa, fitila, farantin kariya, maƙalan ƙarfe. Amma abin da shekaru ne ke kashe shi, kamar bututu da roba, na gwanjon sa'an naka ne, ya sha irin ruwan da naka ya sha a irin wurin da naka ya sha shi.

Gyaran ƙarshe ya yi aiki ne saboda an sayi kowane abu da awonsa da ajinsa, matsi, kauri, zare, irin baki, kuma waɗannan ba sa ƙarewa a kasuwa don kamfani ya daina ƙera mota. Sharaɗinsa ɗaya, samun mai hannun da ya iya lanƙwasa da buɗa baki. In babu shi, nailan da mahaɗansa na zamani ya fi sauƙi ga mai matsakaicin gwaninta, muddin hanyar ta yi nesa da zafi.

Bututun burkin da aka gani da ɓawo an sauya shi bayan wata guda, da irin wannan gaurayen amma mai kaurin milimita 4.75. A nan dattijon bai yarda da faci ko mahaɗin matsewa ba ko ɗaya, domin matsin burki yana ninka na mai sau goma-goma. Daga noti zuwa noti ya sa shi, guda ɗaya.